Hilux 2012 mai fowil da kayan ƙari a jiki: yaya zan yanka mata farashi?

Mai Hilux, Yelwa:

Assalamu alaikum. Masana harkar mota, shawara nake nema.

Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012 da nake son sayarwa da kaina a nan Bauchi. Mai ƙofa huɗu ce, injin fetur 2.7, giyar hannu, mai fowil (wato 4x4, mai ja da tayoyi huɗu). Mita tana nuna kilomita 214,000. Fara ce, fentin kamfani ne in ban da ƙofar baya ta hagu da aka taɓa fesawa. Ba a taɓa buɗe injin ba, AC yana sanyi. Takardun kwastam suna nan, lasin da inshora da sunana.

Inda na rasa yadda zan yi shi ne kayan da ke jikinta. Akwai bambar ƙarfe a gaba da winci (injin ja da igiya) mai jan nauyin fam 12,000, an ɗaga ta inci biyu, tana kan tayoyin BFGoodrich 265/75R16 guda biyar har da safaya, akwai sinokel (bututun da inji ke shan iska ta sama), kariya a saman rufi, doguwar fitilar LED, batir na biyu, rumfar baya ta faiba, da tintet. Tsakanin 2021 da 2022 aka saka su, kuma in yau za a sayi irinsu, kuɗin ba zai gaza naira miliyan 6 ba.

Dillalai biyu sun gan ta, duka biyun sun taya ta kamar wadda ba ta da komai a jiki. Ɗaya ma cewa ya yi in kwance tarkacen kafin in kawo ta. Na ce albarka. To shin kuɗin kayan nan a kan farashin motar ake ɗora shi, ko kuwa ya bi ruwa? In ana ɗorawa, kashi nawa? Kuma wanne ya fi, in sayar da ita yadda take ko in kwance su in sayar daban?

Dillali, Wunti:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba raina maka mota suka yi ba, yadda kasuwar take ke nan. Ka duba su wa ke sayen Hilux ta hannu a Bauchi da Gombe: ɗan kwangila, babban manomi, mai bai wa ƙungiyoyin agaji hayar mota zuwa Damaturu da Maiduguri, sai masu harkar ma'adinai ta wajen Toro da Ningi. Waɗannan shekarar mota suke biya, da lafiyar inji, da fowil mai shiga, da takardu masu tsabta. Da yawansu in suka ga winci da sinokel, abin da ke zuwa ransu shi ne motar nan ta sha daji ta sha rafi, sai su rage tayi maimakon su ƙara.

Saboda haka ka ajiye maganar kayan tukuna, ka fara gano kuɗin motar tsurarta. Ka shiga Jiji da kasuwar Facebook, ka tattaro talla takwas ko goma na irin taka sak: ƙirar 2012 zuwa 2015, injin 2.7, giyar hannu, mai fowil, wadda aka riga aka yi wa lamba aka hau a Najeriya. Kada ka haɗa da 'yar Beljiyom da ba a yi wa lamba ba, kada ka haɗa da mai atomatik, kada kuma ka haɗa da marar fowil, domin wasu masu talla suna rubuta 4x4 a kan motar da ko ƙaramar sandar giya ba ta da ita. Ka kula da waɗanda aka sauya wa fuska. Akwai Hilux ƙirar 2007 ko 2008 da aka saka wa bamba da fitilun 2014, ana tallarta da sabuwar shekara. In ka ga wata ta yi araha fiye da kima, sau da yawa dalilin ke nan.

Ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya. Amma wannan kuɗin talla ne, ba a kansa ake sallamawa ba. Ka buga wa uku ko huɗu waya a matsayin mai saye, ka tambayi kuɗin ƙarshe, ka ji inda suke tsayawa. Sannan ka sa ido mako biyu. Tallar da ta ɓace da wuri ita ke gaya maka inda kasuwa take, wadda ta yi wata huɗu a rataye kuwa burin mai ita kawai take nunawa. Farashin Abuja da Kano ya ɗara na nan, amma wanda zai taso daga can zai cire kuɗin mai da direba da kwana daga abin da zai ba ka.

Kada ka auna da abin da ka saya, ko abin da maƙwabcinka ya sayar da tasa a 2022. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, tsohon farashi ya daina aiki. Kuɗin mota ya hau, amma mai saye ya koma tambayar lita nawa take sha. Hilux 2.7 dama ba ta wasa da fetur, balle an ɗora mata ƙarfe a gaba, manyan tayoyi a ƙasa, kariya a sama tana tare iska.

Kayan kuma ni kashi uku nake raba su. Akwai wanda ake kwancewa da sufana ba ya barin tabo: winci, kariya in ba a huda rufi ba, fitila, batir na biyu, rumfa. Waɗannan ka cire ka sayar daban, domin a jikin mota kyauta za su tafi, amma a hannun mai neman su kana iya samun kusan rabin kuɗin sabo in suna da lafiya. Akwai wanda ya riga ya zama jikin mota, kamar sinokel da aka yanka fenda aka saka. Wannan ya zauna, kuma kada ka sa ran ko sisi a kansa. Na ukun shi ne bamba da ɗagawa, su kuma ya danganta da abu biyu: na kamfani ne ko ƙirar gida, kuma kayan asalin suna nan ko babu? In na ARB ne ko Ironman ko Old Man Emu, da rasit a hannu, ka nemi kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo a yau. In mai walda ne ya ƙera, komai kyansa, ba a biya.

Bakanike, Tashan Dukku, Gombe:

Oga dillali ya yi maganar kasuwa. Ni zan faɗi abin da bakaniken mai saye zai duba, domin a nan ake zaftare kuɗi, kuma gara ka riga shi gani.

Na farko fowil ɗin. Na Hilux ba mai aiki kullum ba ne, sai an saka: H2 (tayoyin baya kawai), H4 (duka huɗu), L4 (duka huɗu da giya mai ƙarfi). Ka kai ta kan ƙasa mai laushi ko yashi, ba kan kwalta ba. Kana tafiya a hankali, sitiyari a miƙe, ka ja ƙaramar sanda zuwa H4, fitilar fowil ta kama a dashbod ta tsaya cak. In tana ƙyaftawa ba ta tsaya ba, bai shiga ba. L4 kuma sai ka tsaya, ka taka kulochi, sannan ka saka. Fitila kaɗai ba shaida ba ce: ka sa wani ya tsaya a gefe ya ga tayar gaba tana tono ƙasa in ka ba ta wuta. In taka mai ADD ce, wato mai haɗa tayoyin gaba da kanta in an sa fowil, akwai ɗan injin lantarki a jikin aksil na gaba da ke haɗa shaf, shi ne ke yawan maƙalewa saboda ruwa ko rashin amfani. Shi ya sa littafin Toyota ya ce a riƙa tafiya da fowil aƙalla kilomita 16 kowane wata domin mai ya zagaya. Motar da ta shekara a cikin gari ba a saka mata ba, ranar gwaji take ba da kunya. Mai saye mai wayo kuma zai leƙa ƙasa ya tabbata furofelar gaba tana nan, domin akwai masu cire ta in aksil ya lalace su yi shiru.

Na biyu man aksil. Mai sinokel dole a zarge shi da shiga ruwa. Ka kwance noti na aksil ɗin gaba, na baya, da na akwatin fowil, ka ɗiga man a yatsa. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, yawanci ta hancin numfashin aksil: ƙarfe ya yi zafi, ya faɗa ruwan sanyi, ya zuƙo. Ka juye ka zuba sabo, na aksil GL-5, kuma in na baya LSD ne (mai hana taya ɗaya juyawa a banza) ka nemi man da aka rubuta LSD a jiki. In ka ga garin ƙarfe da yawa a maganaɗisun notin juyewa, akwai magana a ciki, ka sa a buɗe. Ka ɗaga kafet ɗin ƙafa ka duba laka da tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Sinokel ɗin kansa gwajinsa ba wuya: injin yana silo, ka toshe bakinsa da leda mai kauri na ɗan lokaci. In injin ya nemi mutuwa, haɗin ya kama. In ya ci gaba da aiki lafiya, yana shan iska da ƙura ta wata kafa, ado ne kawai.

Na uku ɗagawar, kuma a nan nake son ka ba mu bayani. Da me aka ɗaga ta? Gaban Hilux ɗin 2005 zuwa 2015 sifirin mai murɗi ne a kan shokozoba, bayanta sifirin mai ganye. In cikakken saiti aka saka, sabon sifirin da doguwar shokozoba, wannan aiki ne. In kuwa sifesa aka cusa a saman shokozobar asali, aka sa bulok ko dogon shakul a baya, motar ta ɗagu a ido ne kawai. Shaf ɗin gaba yana aiki a karkace, robarsa tana yagewa da wuri, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗe sitiyari cikin fowil. Boljoyin na sama yana shan wahala, saitin ƙafa ba ya zama, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Ga kuma nauyin bamba da winci, wanda a haɗe yakan kai kilo 70 zuwa 100 a can gaban aksil. Sifirin asali ba a yi shi don wannan ba, sai gaba ya zauna. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a ƙafa huɗun, a kan fili mai daidai. In hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita ɗaya da rabi, mai saye zai gani da ido.

Wani abin da ake mantawa: wasu Hilux na wannan zubin suna da bawul a kusa da aksil na baya mai raba ƙarfin birki gwargwadon lodi. In an ɗaga baya ba a gyara sandarsa ba, bawul ɗin yana ɗauka motar babu kaya ko da an loda ta, birkin baya ya yi rauni, na gaba ya riƙa cinyewa. Ka sa a duba.

Na huɗu mitar. Taya 265/75R16 tsayinta kusan milimita 804 ne. Ka duba sitika a jikin ginshiƙin ƙofar direba ka ga ta asali. In 265/70R16 ce, wato milimita 777, mitarka tana rage kashi 3 da ɗan wani abu cikin ɗari. In 205R16C ce, wato milimita 734, ragin ya kusa kashi 9. Ke nan in ta asalin 205R16C ce, kowane kilomita 10,000 da mita ta ƙirga a kan waɗannan tayoyin, ainihin tafiyar ta kusa 11,000. Ka faɗa da bakinka kafin a faɗa maka. Babbar taya tana kuma cin kulochi, domin giya ta ɗaya ta yi nauyi wajen tashi da lodi. Ka sa giya ta huɗu a gudu kaɗan ka take totur: in ƙarar inji ta tashi mota ba ta ƙara gudu ba, faranti ya tafi.

Na biyar waya. Winci irin wannan yana jan sama da amfiya 300 in yana cikin aiki. Kebul ɗinsa dole ya zama mai kauri, da makashi kusa da batir, kuma kada ya goga ƙarfe a ko'ina. Fitilar LED ta bi ta rile da fis nata, ba a ɗaure ta a wayar fitilar kamfani da salatif ba. Batir na biyu ya kasance da abin raba caji, in ba haka ba ɗaya ya mutu ya ja ɗayan. Wayar da aka yi wa haɗin gambiza ita ke sa gobara, ita ke sa batir ya kwana ya mutu, kuma mai saye in ya buɗe bonet ya ga jajayen wayoyi sun yi rassa ko'ina, miliyan guda yake cirewa a ransa tun bai yi magana ba. Ka kai wa mai waya ya tsabtace. Bambar kuma a duba: da noti aka ɗaure ta a ramukan shasi, ko walda aka yi? In an ƙona shasi da walda ko an yanke bakinsa, wannan ragi ne babba, kuma ba ya gyaruwa da fenti.

Injin shi ne mai sauƙi. Injin 2.7 ɗin, wato 2TR-FE, sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba, saboda haka babu maganar canjin tayimin bel kamar na masu gas 1KD da 2KD da ake yi a kilomita 150,000. Kilomita 214,000 ba tsufa ba ne gare shi in yana samun baƙin mai a kan lokaci. Ka bar mai saye ya tayar da shi da sanyin safiya, ka sa a auna matsin silinda huɗun a gabansa. In sun yi kusa da juna, babu wadda ta faɗi da fiye da kashi 10, wannan sakamakon ya fi winci kawo kuɗi.

Ɗan Jeji:

Ban yarda a kwance komai tun ranar farko ba. Masu neman mota a shirye suna nan, ba su da yawa ne kawai, kuma ba a bakin Wunti suke zama ba. Akwai masu aikin safiyo, masu haƙa rijiyar burtsatse, masu kai baƙi Yankari da Sumu, masu hawa Mambila da damina, da matasan Abuja da Jos masu fita daji don nishaɗi. Wanda ya san zai sayi winci da rumfa da kuɗinsa bayan ya sayi mota, zai biya wani abu ya huta da yawon nema da kuɗin ɗauri.

Abin da zan ba da shawara shi ne talla ɗaya mai farashi biyu: kaza da kaya, kaza babu kaya. Ka ba ta mako uku a haka. In mai son kayan ya zo, ka huta da kuɗin kwancewa. In bai zo ba, ka kwance, ba ka yi asarar komai ba sai lokaci. Farashi biyun yana da wani amfani: mai cewa "ni ba na buƙatar tarkacen nan" ka riga ka rufe masa baki, ga nasa farashin a rubuce.

Hoto yana da muhimmanci a irin wannan. Ka wanke ta har ƙasa, ka ɗauka da safe ko bayan la'asar, ɓangare huɗu, cikin bonet, ƙarƙashin shasi, mita, da sunan kamfani a jikin kowane kaya. Ka yi ɗan bidiyo fowil yana shiga, winci yana jan wani abu mai nauyi, ba igiya tana warwara a banza ba. Hoton da take iyo a rafi kuwa ka bar shi a wayarka. Lokaci ma yana taimakawa: gab da faɗuwar damina ake neman fowil, bayan kaka kuma manoma ke da kuɗi a hannu.

Mai Hilux, Yelwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga amsar abin da aka tambaya. Bambar ƙirar gida ce, da noti aka ɗaure, ta asalin kuma babu ita. Ɗagawar sifesa ce a gaba, shakul a baya. Ba a huda rufi ba. Lambar jikin tayoyin 3421 ce, zanen da ya rage milimita 6. Robar shaf ta dama ta yage. Kuɗin sababbi a yau yadda na tambayo: tayoyi biyar miliyan 2, rumfa miliyan 1.2, winci dubu 900, bamba dubu 600, ɗagawa dubu 400, fitila da batir dubu 400, kariya dubu 300, sinokel dubu 200. Oga dillali, a yi min lissafin a kan haka.

Dillali, Wunti:

To Alhaji, mu ɗauka bincikenka ya nuna ana sallama tsurarta a miliyan 20. Don lissafi ya yi sauƙi na faɗi haka, kai za ka sa ainihin abin da ka samo.

Tayoyi su ne mafi tsada a jerinka, kuma su ne ba za su kawo komai ba. 3421 na nufin mako na 34 na shekarar 2021 aka ƙera su, jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra, kuma suna ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare. Sabuwarta zanenta wajen milimita 12 ne, naka ya koma 6. Kowace mota da taya ake sayar da ita, iyakar abin da waɗannan za su yi maka shi ne su hana a ce a cire kuɗin taya. Kada ka sayi sababbi don sayarwa, ba za ka mai da kuɗin ba.

Sifesa da shakul ka cire su, ka mai da ita tsayin kamfani, a canza robar shaf ɗin, a yi saitin ƙafa. Sai dai kafin nan ka sa bakanike ya gwada ko tayoyin za su goga fenda in an murɗe sitiyari zuwa ƙarshe, ganin nauyin da ke gaba. In za su goga, ka bar ɗagawar, ka gyara robar kawai, ka faɗa wa mai saye da me aka ɗaga. Bamba ta zauna tunda babu ta asali, in ka samu dubu 100 a kanta ka gode Allah. Sinokel babu komai.

Saura masu kwantuwa. Rumfa wajen dubu 600 in ba ta tsage ba kuma makullanta suna aiki, manomi ma so yake a cire ta ya loda buhuna. Winci dubu 400 zuwa 450 in yana ja, da rimot ɗinsa. Kariya, fitila da batir a haɗe dubu 250, batirin ma kusan kuɗin kilo ne in ya shekara uku a zafin nan. Jimla wajen miliyan 1.3 daga cikin miliyan 6.

Sai ka riƙe lamba uku. Ta talla: miliyan 21.5 babu kaya, miliyan 23 da kaya, kamar yadda Ɗan Jeji ya kawo. Wadda kake fata: 20 da 21.3. Da kuma wadda ƙasa da ita ba ka sallamawa, misali 19, wannan kai kaɗai ka san ta, ko ɗanka kada ya ji. Tazarar ta talla da wadda kake fata kada ta wuce kashi 7 ko 8, in ta yi yawa waya ba ta shigowa. In mako biyu suka wuce babu wanda ya zo gani, farashin ne. In ana zuwa ana tafiya ba tayi, motar ce, ka tambayi wanda ya juya me ya gani. In kuma dillali ne zai kawo mai saye, ku yanke la'ada tun kafin ya ɗauki hoto, kuma ka haɗu da mai sayen ido da ido, domin kada a ɗora miliyan biyu a sama motarka ta yi kwantai ba ka san dalili ba.

Mai Takardu, Jekadafari:

Bari in ƙara ɓangaren da ke rushe ciniki bayan an gama shi. Lambar shasi mai harufa 17 ta zama iri ɗaya a jikin shasi, a farantin kamfani, a takardar kwastam, da lasin. Harafi ɗaya in ya saɓa, ka gyara kafin talla. Hilux da ta fara da MR0 ƙirar Tailan ce, AHT kuma Afirka ta Kudu. Shekarar ƙira ana iya gaskata ta da tambarin da ke ɗinke a ƙasan bel ɗin kujera, abin da masu sauya fuska ba su cika tunawa da shi ba. Takardar kwastam ka kai ofishinsu a tantance lambar da kanka, ka ajiye shaidar, domin tun Janairun 2017 da aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa masu saye suke tsoron takardar bogi. In asalinta gwanjon ma'aikata ko kamfani ce, takardar gwanjon da rasit su ne tushenta. Izinin tintet da sunanka yake, sabon mai ita zai nemi nasa, ka sanar da shi. In akwai tiraka, ko ka cire ko ka mai da ita lambarsa.

Wajen gwaji: Hilux mota ce da ɓarayi ke so. Da rana, a wuri mai jama'a, kai da wani a ciki, kwafin takardu kawai a mota, na asali a gida. Kada ka fita ka bar makulli a jiki lokacin sauya direba. Biya kuma a cikin banki ya fi. Saƙon alat ba shaida ba ne, ka ga kuɗin a manhajar bankinka ko a bakin ma'aikacin banki. Cek sai ya faɗa asusu. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, ranar cikawa, da abin da zai faru in ba a cika ba.

Takardar ciniki ta ɗauki sunaye, lambar shasi da ta inji, kilomita, kuɗi, kwanan wata da lokacin miƙa makulli, shaidu biyu, da kwafin katin shaidar mai saye. A jera kayan da suka tafi da motar ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta aibin da ka sani: ƙofar da aka fesa, sifesa, ragin mita. Shari'a ta bai wa mai saye damar dawo da kaya in an ɓoye masa aibi, wanda aka rubuta ya sa hannu kuwa babu dawowa a kansa. Daga nan ku wuce ofishin lasin tare a yi canjin mallaka, kada ka yarda da "zan yi daga baya", domin muddin takardu suna da sunanka, kai za a nema in wani abu ya faru da motar a hanya.